Komawa Gida Ma Ƙaura Ce

Yau za mu yi magana ne a kan 'yan'uwanmu da suka tsallaka ƙetare neman abin rufin asiri, suka shekara biyar, goma, wani ma ashirin, yanzu kuma zuciya ta fara raya musu gida. A cikinsu akwai birkila a Sabha, akwai direba a Riyad da mai aikatau a Jidda, akwai ɗan tireda a Abijan, akwai kuma likita ko ma'aikaciyar jinya a Ingila. Aljihunsu ba ɗaya ba ne, amma tambayar da ke jiransu a ƙofar gida ɗaya ce: idan an gama barka da zuwa, an raba tsaraba, baƙi sun watse, da me za a wayi gari? Matsayina a kan wannan a fili yake. Komawa gida ƙaura ce ta biyu, tana bukatar shiri irin wanda aka yi wa tafiya ko fiye, kuma abin da zai riƙe wanda ya dawo shi ne aikin da zai kama, ba yawan abin da ya shigo da shi a jaka ba.

Ku duba yadda ake shirin tafiya. Mutum zai sayar da tumaki ko ya jinginar da gona, ya yi watanni yana zaryar fasfo da biza, ya nemi ɗan garinsu da zai sauke shi, ya tambayi kuɗin ɗaki da na abinci, har ya haddace 'yan kalmomin gaisuwa da ciniki na Larabci ko Faransanci. Duk yana yin haka ne don ya yarda cewa inda za shi bai san shi ba. Ranar dawowa kuwa tikiti kawai ake saye da akwatunan tsaraba, domin a ganinsa ba a koya wa mutum garinsu. To amma garin da ya sani shi ne wanda ya bari. Wanda ya bar Kano a 2012 ya bar 'yan acaɓa cike da titi, litar fetur tana naira 97, dala tana wajen naira 160. A watan Janairun 2013 aka hana acaɓa a birnin, a watan Mayun 2023 aka cire tallafin mai, kafin ƙarshen 2024 lita ta haura naira 1,000. Ya bar banki ana buɗe asusu da hoto da sa hannu, zai tarar babu abin da ke motsi sai da lambar BVN da ta NIN. Wanda ya bar Maraɗi ko Tawa kafin juyin mulkin Yulin 2023 ya bar kaya suna hawowa kai tsaye daga tashar jiragen ruwan Kwatano. Da aka rufe iyakar Benin sai manyan motoci suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso, kuma duk ɗan kasuwa ya san abin da hakan ya yi wa farashi. Ban da waɗannan akwai canjin da ba ya fitowa a labarai. Maigidan da ke ba shi kaya bashi a kasuwa ya rasu, 'ya'yansa ba su san shi ba. Masu kawo masa ɗinki sun saba da wani tela. Kujerar da ya bari a ofis wani ya hau, har an ƙara masa girma. Da Bahaushe ya ce kowa ya bar gida gida ya bar shi, ba baƙar magana ya yi ba.

Na san wani zai ce ai duk wannan mai sauƙi ne ga wanda ya dawo da kuɗi. A nan ne mafi yawan mutane ke ruɗuwa. Kuɗin da aka taro a waje ruwan randa ne, kowa ya ɗiba raguwa yake yi, sana'a kuwa rijiya ce. Kuma randar takan fara yoyo tun kafin kowa ya sa moɗa. Tun 1986 riyal ɗin Saudiyya yake tsaye a kan 3.75 a kowace dala. Wanda ya juya riyal 10,000 zuwa naira a farkon 2023, lokacin da dala take wajen naira 750 a hannun 'yan canji na Wapa, ya karɓi kimanin naira miliyan 2. A watan Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500, ke nan wannan riyal ɗin ya zama miliyan 4. Idan ajiye nairarsa ya yi yana jiran ya ga abin da zai yi da ita, to rabin guminsa ya tafi yana zaune a zaure ana gaishe shi da hanya. A ƙarshen 2024 alƙaluman hukuma sun nuna hauhawar farashi a Najeriya ta wuce kashi 34 cikin 100. Mutanen Nijar za su ce sefa ɗaure take da yuro, ba ruwansu. Gaskiya ne, amma dattawa ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka wayi gari an raba darajar sefa biyu. Ba ina cewa dala za ta yi ta hawa har abada ba, takan sauka ma. Abin da nake cewa shi ne kada mutum ya juye ajiyarsa duka rana ɗaya alhali bai san inda zai sa ta ba. Bankuna suna buɗe asusun ajiyar kuɗin waje, a bar abin a can a riƙa ɗiba gwargwadon bukata.

Sai kuma gini, wanda shi ne burin kowane matafiyi, kuma ba zan raina shi ba. Wanda ba ya biyan haya ya huta da rabin damuwar duniya, kuma a wurinmu gida mutunci ne. Inda nake ja shi ne girmansa da lokacinsa. Ku zaga unguwannin bayan gari da ƙauyukan da ake yawan tafiya bida, ku ƙirga kangwayen da suka tsaya a linta. Yawancinsu an zana su ne da lissafin albashin waje, aka dawo gida albashin ya yanke, siminti kuma ya yi tsalle, don a farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Bene mai ɗaki takwas a garin da ba mai kama haya ba ya kawo ko kwabo, ci yake yi. Ga kuma ginin aike, wanda ake turo kuɗi daga nesa a ce wa ƙane ko aboki ya tsaya a kai, a riƙa karɓar hotuna ta waya. Da yawa sun riƙe amana, Allah ya saka musu. Amma shari'o'in fili ɗaya da aka sayar wa mutum biyu ba baƙi ba ne a kotunanmu, kuma tun dokar filaye ta 1978 ƙasa a Najeriya tana hannun gwamna ne, saboda haka 'yar takardar mai unguwa ba ta kai takardar mallaka ta gwamnati ƙarfi ba. A ganina ɗaki biyu da katanga da sahihiyar takarda, sauran kuɗin kuma a jari, sun fi ƙaton kango.

Jari a me? Wannan ce zuciyar maganarmu ta yau. Abin da aka saba gani shi ne mai dawowa ya sayi adaidaita sahu biyu ya ba yara suna kawo balas, ko ya buɗe kantin kayan masarufi ya zaunar da ɗan'uwa, ko ya zuba kaji dubu don ya ji an ce ana samu. Waɗannan duka sana'o'in halal ne kuma akwai masu ci da su. Matsalar ita ce shi bai san su ba. Bai san kuɗin gyaran inji ba, bai san wane wata ne kaji ke mutuwa da zafi ba, bai san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba. Ya canza ƙasa, ya canza sana'a, ya kuma tashi daga mai karɓar albashi zuwa mai biyan albashi, duka a wata ɗaya. Alhali kuwa mutumin nan ya shekara takwas yana shimfiɗa tayil a Dubai, ko yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a Jidda, ko yana walda a Misrata, da kayan aiki da ƙa'idar da ba kowa ya gani ba a nan. Me ya sa ya ajiye? Wani gajiya ce, wani kuwa kunya: wai a ga Alhaji da ya dawo daga Saudiyya da tsani a kafaɗa. Ku tambayi 'yan kwangilar gini a Abuja da Legas su gaya muku daga ina suke ɗauko masu sa tayil da silin POP. Da yawa daga Togo da Benin suke zuwa, saboda ana yaba tsaftar aikinsu. Kasuwar da ɗanmu yake jin kunyar shiga, baƙo ne ke tsallako iyaka yana kwashe ta.

Idan an ce mini jiki ya tsufa, ɗan shekara hamsin ba zai koma ɗaukar bulo ba, na yarda. Ban ce kada a canza aiki ba. Cewa nake a matsa zuwa maƙwabcin abin da aka sani. Birkila ya zama mai karɓar ƙananan kwangila da yaransa, mai tayil ya buɗe shagon tayil inda zai gane mai kyau da jabu da ido, direban babbar mota ya shiga harkar sufuri ko koyar da tuƙi, matar da ta yi girki a gidajen Larabawa ta kama abincin biki da na ofisoshi. Tarihin Kano ma ya ba mu misali. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji, ya yi shekaru yana fataucin goro a ƙasar Gwanja da Ankara. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka shiga neman gyaɗa, shi kuma ya dawo ya zama babban mai saya musu. Haja ce ta canza daga goro zuwa gyaɗa, amma aikin yana nan yadda ya san shi: sayen amfanin gona, riƙe yara da wakilai a ƙauyuka, ba da kuɗi kafin kaka, sanin hanya. Kafin rasuwarsa a 1955 ana lissafa shi a matsayin attajirin da ya fi kowa a Afirka ta Yamma.

Bari mu juya ga abin da ya kamata a karɓo kafin a hau jirgi, domin akwai haƙƙin da in an bar ƙasa ya tafi ke nan. A dokar ƙwadago ta Saudiyya ma'aikaci yana da kuɗin sallama: rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, sannan cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka. Mai ɗaukar riyal 2,000 da ya shekara bakwai yana da riyal 9,000 idan kwantiragi ne ya ƙare. Idan kuwa shi ya ajiye aikin da kansa, kashi biyu cikin uku zai samu, wato 6,000, kuma wanda ya ajiye kafin shekara biyu ba shi da komai. Kun ga ashe ranar da mutum zai ce wa kafili, wato ubangidansa, zai tafi ma abin lissafi ce. Masu aikin gida dokarsu daban ce, kuma abin da ta ba su bai kai wannan ba, amma su ma suna da nasu. Dokar ta kuma wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikaci takardar shaidar aiki kyauta, mai nuna ranar farawa da ta gamawa da irin aikin da ya yi. Kada kowa ya sa hannu a takardar cewa ya karɓi haƙƙinsa duka alhali bai karɓa ba, kada kuma a yarda da “je ka, za mu turo maka”. Wanda aka buga wa bizar fita ta ƙarshe, bin bashi daga Funtuwa ko Damagaram ba ƙaramin aiki ba ne. Na Ingila su ma su yi lissafi: fanshon gwamnati yana bukatar aƙalla shekara 10 na biyan gudummawa, ana biyan sa ga mazaunin Najeriya amma ba a yi masa ƙarin shekara-shekara, kuma izinin zama na dindindin yana faɗuwa idan mutum ya yi shekara biyu a jere a waje.

Takardun gida ma sai an tashe su daga barci. Likita ko ma'aikaciyar jinya ba za su taɓa majiyyaci ba sai lasisinsu na hukumar da ke kula da aikinsu yana raye, kuma gara a fara sabunta shi tun ana can. Mai sana'ar hannu da ya ƙware ba takarda yana iya zana jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, wadda kamfanoni da ma'aikatu suka sani. Sai yara, waɗanda su aka fi mantawa. Yaron da aka haifa a Makka ko Kumasi, wani ba shi da takardar haihuwa ta ko'ina, Larabci ko Turanci ne a bakinsa, ga shi yanzu ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN. Iyaye su daidaita dawowarsu da farkon shekarar karatu, su taho da sakamakon makarantar yaran. Ƙaurar uba ta biyu ita ce ta farko a wurin ɗa.

Akwai ƙorafin da ya fi waɗannan nauyi, shi ne na albashi. Za a ce mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne tun Yulin 2024, wanda bai kai abin da wani ke samu a mako guda a waje ba, to don me zai wulaƙanta kansa? Ban musa tazarar ba, mai girma ce, kuma duk wanda lissafinsa ya nuna masa zama ya fi, ya zauna, babu laifi. Amma wanda ya riga ya yanke shawarar dawowa, kuskure ne ya auna albashin gida da na waje. Ya auna shi da zaman banza. Ƙaramin aikin da ke ɗauke cefane yana hana a taɓa jari, yana kuma mayar da mutum cikin jama'a, ya san farashi, ya san wa ke biya wa ke cin bashi. Shekara guda a ƙarƙashin wani, ko da wanda ka girma ne, makaranta ce mai arha idan aka kwatanta da asarar miliyoyi a sana'ar da ba a sani ba. Wanda yake da hali ya zo hutu tukuna, ya zauna wata biyu yana zaga kasuwa da ma'aikatu ba da rigar baƙo ba, ya koma, sannan ya sa rana.

To wanda ba shi ya sa ranar ba fa? Wannan tambaya ce ta gaskiya, domin tarihinmu cike yake da dawowar dole. A watan Nuwamban 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, mutanen zango da dama suka sayar da abin da suka tara a wulaƙance. A Janairun 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin haka, aka kori mutane wajen miliyan biyu, kimanin rabinsu 'yan Gana, akwai kuma 'yan Nijar da Cadi masu yawa. A 2011 yaƙin Libiya ya koro 'yan Nijar sama da 200,000, gidajen da suke ci da aikensu suka koma ciyar da su. A ƙarshen 2013 Saudiyya ta shiga kamen marasa igama, wato takardar izinin zama. A Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, ɗalibai da 'yan kasuwarmu suka fito ta iyakar Masar da Port Sudan da abin da hannu zai iya ɗauka. Har yau motoci suna zube mutane a kusa da Assamaka daga Aljeriya. Wanda aka kama a titi aka kai tarhil, wato gidan tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, ba shi da zarafin karɓar kuɗin sallama. Amma wannan bai rushe hujjata ba, ƙarfafa ta ya yi. Tunda baƙo ba shi da tabbacin ranar tafiyarsa, shirin dawowa daga watan farko yake farawa: kada a tara kuɗi a ƙarƙashin katifa a ƙasar mutane, a ɗauki hoton kowace takarda a tura gida, a kuma dage a koyi aiki har a iya. Na Gana da na Libiya an ƙwace musu shaguna da kaya, amma ba wanda ya iya ƙwace abin da hannunsu ya iya. Masu cewa arziki na Allah ne sun yi gaskiya, sai dai malamanmu sun daɗe suna karantar da mu cewa tawakkali bai hana a ɗaure raƙumi ba.

Hukumomi suna da nasu rabon. Hukumar ƙaura ta duniya, IOM, ta dawo da dubban 'yan Najeriya da Nijar daga Libiya tun 2017, tana kuma ba wasu tallafin kama sana'a, kuma Najeriya tana da hukumar 'yan ƙasa mazauna waje, NiDCOM. Amma tarba a filin jirgi da kuɗin mota ba su isa ba. Bankin Duniya yana ƙiyasta abin da 'yan Najeriya ke aikowa gida da wajen dala biliyan 20 a shekara. Ƙasar da ke cin wannan ya kamata a ce kowace jiha tana da ofishin da mai dawowa zai je a gwada ƙwarewarsa, a ba shi shaida, a haɗa shi da masu neman irinsa.

Maganata ta ƙarshe ga mu ne na gida, iyaye da 'yan'uwa da matan aure. Za a ce hana dangi rowa ce, zumunci kuma wajibi ne, musamman ga wanda aka haɗa masa kuɗin tafiya. Haka ne, bashin da aka ci don tafiyarsa shi ne farkon abin biya, iyaye kuma ba a haɗa su da kowa. Amma mutumin da ya dawo albashinsa ya tsaya, ba shi ne wanda yake turo kuɗi duk wata ba. Idan aka taru aka cinye jarinsa a wata shida da biki da suna da kujerar Umara da ƙarin aure, wanda zai taimaki dangi shekara ashirin ya zama abin taimako, daga nan kuma sai a ji ya sake bin hamada, ta hanyar da ta fi ta farko haɗari. Shi mai dawowa ya ware abin zumunci daban, ya faɗi iyakarsa a fili ba kunya. Ku kuma na gida, don Allah, idan ɗanku ko mijinki ya kira ya ce yana shirin dawowa, kafin ku tambaye shi me zai kawo, ku tambaye shi me zai yi, ku kuma fara cigiyar aikin tun bai sayi tikiti ba.